Ni Na Yi Wa Garinmu Talla, Ga Shi Ya Ci Ni

Bari in fara da laifina, tunda na san ko na ɓoye sai kun tono shi a wurin sharhi. Idan kun taɓa sauka daga jirgin ƙasa a Mundelbronn, kuka zari 'yar takardar nan mai sheƙi da ke bakin tasha, wadda aka rubuta wa "Garin da lokaci ya zauna ya huta", to ni na rubuta ta. Ni, Luzia Bihler, shekarata ashirin da bakwai, 'ya ɗaya tilo a gidan manomin inabi. Ni na ce rana tana narkewa a kogin Neckar kamar zuma. Ni na kira matakalar dutsen gonakinmu "hanyar zuwa sama". Taku ɗari huɗu da sha ɗaya ce, kuma ban yi ƙarya sosai ba, don sau biyu tana kusan kai babana lahira.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙi suna zuwa ranar Asabar da takalma sababbi fil, su ɗauki hoton ganye, su ce, "Kai, ku kam kun more!" Ni kuwa tun ina 'yar shekara tara nake goya kwandon inabi a jikin dutsen nan. Na san sanyin Janairu da almakashin datse rassa a hannu. Na san ƙanƙarar da za ta sauka minti goma ta cinye wahalar shekara. Burina ɗaya ne a duniya, kuma ba wani babba ba ne: in zauna a gari shimfiɗaɗɗe, inda mutum zai je sayen burodi ya dawo gwiwarsa ba ta yi ƙara ba.

Kuma na samu. Wani ofishin talla a Hamburg, can arewacin Jamus, ya ɗauke ni aiki, zan fara ɗaya ga Nuwamba, da zarar an gama tsinkar inabi. A Hamburg ɗin kuma akwai Malte.

Malte dogo ne mai taushin hannu, yana aiki a hawa na tara a wani kamfanin inshora. Bara muka haɗu a wurin baje kolin giya, ina zuba wa mutane ɗanɗano. Ya tambaye ni labarin garinmu, ni kuma baki ya saba, sai na juye masa takardar tallan nan daga farko har ƙarshe. Shekara guda muna soyayya ta waya da jirgin ƙasa, kullum ni ce mai zuwa. Hotunan da nake tura masa duk na ranar da gari ya yi kyau ne. Ku mata kun gane, ba a tura wa saurayi hoton kantar hannu. Maganar sabon aikin ma ban gaya masa ba, na ajiye ta ne in yi masa albishir.

A gida babu wanda ya san da Malte, balle aikin. Kakata Hedwig, wadda duk gari ke kira Oma, ta riga ta aurar da ni a zuciyarta tun ranar da aka yi mini baftisma. Angon shi ne Jochen Stoll, maƙwabcinmu, ba don komai ba sai don gonarsu ta jingina da tamu.

"Layin inabi sha biyu nasu, sha huɗu namu," in ji Oma kowace safiya, tana shafa man shanu a burodi. "Ko jaki ya ga inda hanyar ta nufa."

"To ki aure shi mana, Oma."

"Da ƙuguna yana da lafiya da tuni kin sha biki, marar kunya."

Babana Eberhard ba ya sa baki. Shi dama tsimin magana yake yi, yini guda kana iya ƙirga kalmominsa da yatsun hannu.

Ga shirin da na yi. Malte zai zo a makon tsintsiya, ya shigo a matsayin baƙo, ya ci ya sha, sannan ya gabatar da kansa ya nemi aurena. Baba ya ɗaure fuska, Oma ta yi kukanta, ni kuma in sako maganar Hamburg a cikin hayaniyar, a sha zafin gaba ɗaya a huta. Na zaɓi makon tsintsiya ne don Baba ba ya faɗa a gaban baƙi. Al'adar manoman inabi ce a wajenmu: da ya rataye tsohuwar tsintsiyar nan a saman ƙofa, gidanmu ya zama gidan cin abinci na kowa har mako uku. A kwashe kujerun falo a kai ƙarƙashin rufi, a jera benci, mutum arba'in su matsu su sha giyar bara, su ci wainar albasa da Maultaschen ɗin Mama, wato ƙullin fulawa mai nama a ciki. Har ɗakina ba a bari ba. Gadona yana can sama tsakanin buhuna, inda yake a da kuma an sa tebur mai cin mutum takwas.

Ranar Asabar na sa rigata shuɗiya mai ƙananan gidaje, na ɗaure gashi da jan ƙyalle, na ɗan goga jambaki. Mama ta kalle ni ta cikin tururin tukunya ta ce, "Wa ya mutu?" Haka ake yabon kwalliya a gidanmu.

Ƙarfe ɗaya na laɓe a bayan firji na tura saƙo.

Ni: Ka iso?

Malte: Tun ƙarfe tara! Luzi, garin nan... na hau matakalar nan sau biyu.

Ni: Sau biyu? Wani ne ya biyo ka?

Malte: Na zauna a can sama har hawaye ya zo mini.

Ni: Kowa ma hawaye yake yi a can sama. Saurara. In Baba ya zuba maka, kada ka yaba.

Malte: Kamar yaya?

Ni: Ka kurɓa, ka ajiye, ka ce "ana iya sha". Shi ke nan. Wanda ya yi yabo da yawa a nan, ana ɗauka wani abu ya zo sayarwa.

Malte: To ranki ya daɗe. Ni ma ina da albishir.

Na ga kalmar albishir ɗin nan da idona, amma na ce zobe ne. Na mayar da wayar aljihu ina murmushi kamar wata shashasha.

Ƙarfe biyu ya shigo, sai da ya sunkuya don ƙofarmu ba a yi ta don mutanen arewa ba. Jama'a, in kun ga shigar! Takalmin hawan dutse sabo, wando iya gwiwa, da wata koriyar hula mai gashin tsuntsu, irin wadda ake sayar wa baƙi a shagon tasha. Babu ɗan garin nan da ya taɓa sa hular nan tun da aka kafa shi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Oma ce mai zaunar da mutane, kuma a wurinta babu wani "tebur na mutum ɗaya".

"Kai dogo, zo nan. Jochen, matsa, ba kai ka haifi bencin ba. Matsa, na ce!"

Haka ta cusa saurayina kafaɗa da kafaɗa da mijin da ta zaɓa mini, a daidai inda matashin kaina yake zama. Na kawo musu abinci na dire ban kalli kowa ba. Baba ya zo da tulu, ya cika wa Malte kofi mai mariƙi har baki, ya tsaya a kansa.

Malte ya ɗaga kofin ya duba a haske. Ya shinshina. Ya lumshe ido. Ni ina can gefe ina masa alama da gira har goshina ya gaji.

"Herr Bihler," ya ce wa Baba, "wannan ba giya ba ce, waƙa ce. Ina jin ƙamshin ceri, da dutsen da ruwan sama ya jiƙa, da wani abu kamar ƙuruciyata."

Baba ya leƙa cikin tulunsa, ya dawo ya kalli Malte.

"Inabi muka sa," ya ce.

Jochen ya ƙware da dariya har sai da matar fasto ta bubbuga masa baya. Ni kuwa, in gaya muku gaskiya, raina fari tas. Na ce madalla, Baba ya tsane shi, tafiyata ta zo da sauƙi. Ai ya fi sauƙi ka bar gida da fushi a kan ka bar shi ana kallonka da idon tausayi.

Baba ya juya zai tafi, sai Malte ya sake buɗe baki.

"Herr Bihler, katangar nan ta hawa na uku a gonarku ta kan dutse, wadda ta zube ta gefen hagu. Na ga babu siminti a tsakanin duwatsun. Me yake riƙe su?"

Baba ya tsaya cak.

Shekara talatin mutumin nan yana jiran wani ɗan adam ya tambaye shi maganar katanga. Ni in ya fara, bacci nake yi. Mama tashi take yi. Baƙi kuwa faɗuwar rana kawai suke tambaya, da inda banɗaki yake. Ya ajiye tulun a hankali, ya ture farantin Jochen, ya ɗauki gutsattsarin burodi ya fara jera su a kan tebur.

"Nauyinsu ke riƙe su. Kowane dutse ya hau kan biyu. Ka karkata shi ciki, ruwa ya bi ta baya ya fita. Ka sa siminti, sanyi ya fasa maka shi a shekara uku."

"To wa zai gyara wadda ta zube?"

"Wa kuwa?" in ji Baba. "Masu iyawa duk suna maƙabarta, saura ni."

Na tsaya da faranti huɗu a hannu ina ƙirga kalmomin babana, na wuce ɗari na bari. Can sai na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

"Taso, in nuna maka ɗakin ƙasa, inda gangunan giya suke."

Suka sauka, ƙofar ta rufe. Jochen ya bi ta da kallo baki buɗe, da ɗan ganyen albasa a leɓensa.

"Luzi, shekarata talatin da ɗaya a jikin katangar gidan nan, ban taɓa ganin gangunan babanki ba. Wane ne wannan mai hular?"

"Baƙo ne."

"Baƙo? To me ya sa jambakinki ya kai har haƙori?"

Na goge haƙorin da harshe na ba shi amsa da harara. Oma ta matso, ta kama hannuna da yatsunta masu sanyi.

"Yaron can yana da kafaɗa," ta ce. "In aka ba shi shekara biyu zai goya kwando. In ba kya so, ni ina so."

"Oma, ina Jochen ɗin naki?"

"Jochen ba ya guduwa, ga shi nan kullum kamar tarin taki."

"Ina jin ki fa, Oma," in ji Jochen.

"Don ka ji na faɗa."

Minti arba'in suna ƙasa. Na tura saƙo uku. "Me kuke yi?" "Kada ka sha daga ganga ta ƙarshe." "MALTE." Ko ɗaya bai buɗe ba. Na zuba wa wani mutumin Stuttgart miya a kan waya, na ba shi haƙuri da rabin baki.

Da suka fito, hular tana hannun Baba, yanar gizo-gizo tana kan Malte, kumatunsa sun yi ja. Ya ɗauki cokali ya buga a jikin kofi. Mutum arba'in suka juyo, har Mama ta leƙo daga kicin da ludayi.

"Jama'a, ku gafarce ni. Sunana Malte Petersen, kuma ni ba baƙo ba ne sosai. Shekara guda ke nan ina son Luzia."

Aka sa ihu da tafi. Oma ta ce, "Na faɗa!" alhali ba ta faɗi komai ba. Na sunkuyar da kai ina jiran ya gama in sako tawa.

"Shekara guda tana ba ni labarin garin nan," ya ci gaba. "Ina zaune a hawa na tara, ina kallon bangon wani ofishin, ina karanta saƙonninta. Na ce wa kaina, wane irin mugu ne zai cire yarinyar nan daga wuri irin wannan ya kai ta cikin hayaƙi? Don haka ranar Litinin na ajiye aikina. Na mayar wa mai gida makullinsa. Herr Bihler ya ce zai koya mini katanga." Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, tsakanin benci da ƙafar matar fasto, ya fito da zobe. "Luzi, ba sai kin bar gida ba. Ni na zo."

Wayyo ni Luzia. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Falon ya ɗauka. Mama tana share ido da bayan hannu. Wani tsoho ya fara waƙa. Na kalli Baba, na ga gefen bakinsa ya motsa sama kaɗan, abin da rabona da gani tun shekarar da aka yi inabi mai kyau ina aji shida. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na ga rayuwata gaba ɗaya a miƙe: ni da kwando, Malte da kwando, 'ya'yanmu da ƙananan kwanduna, har ranar da za a sauko da gawata daga hawa na uku na gona a kan ƙyauren ƙofa.

Na buɗe baki in ce wani abu mai hankali. Abin da ya fito shi ne:

"Ba na son inabi."

Mai waƙa ya yi shiru.

"Ba na son shi! Ba na son matakala, ba na son almakashi, ba na son ƙamshinsa a gashina. Faɗuwar ranar ma ban taɓa tsayawa na kalla ba, lokacin ina wanke bokitai. Duk abin da na gaya maka talla ne, Malte, biyana aka yi na rubuta! Na samu aiki a Hamburg. Ɗaya ga Nuwamba. Albishir ɗin da na ajiye maka ke nan."

A garinmu, gara ka tashi a coci ka ce ba ka yarda da Allah ba. Ba ka jin komai sai man da ke soyuwa a kicin. Matar fasto ta janye ƙafarta daga kusa da Malte a hankali.

Sai Oma ta ja kujera ta zauna, ta jawo kofin Jochen ta kurɓa.

"Ni ma ba na so," ta ce.

Baba ya juyo wajen mahaifiyarsa. "Mama?"

"Me? Shekara sittin da ɗaya ba wanda ya tambaye ni. Yawon Lahadi ɗaya na zo garin nan, ni da 'yan matan masaƙarmu, da farin takalmina. Ubanka ya nuna mini kogi daga can sama, na ce kai, aljanna. Ranar Litinin ta farko bayan biki aka miƙa mini fartanya." Ta nuna Malte da kofin. "Yadda wannan yake washe baki, haka na yi."

"To Oma," na ce, "me ya sa kike tura ni gidan su Jochen?"

"Don in kin tafi, da wa zan yi faɗa da safe?"

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta. Malte yana nan a durƙushe, zoben a hannu, fuskarsa ta yi fari.

"Luzi," ya ce a hankali, "inabin ne kawai ba kya so, ko har da ni?"

"Kai nake so. A Hamburg."

"Ba ni da komai a Hamburg yanzu."

"Wa ya aike ka? Da ka tambaye ni!"

"Ke kin tambaye ni?"

Idon mutum arba'in yana kaina, wasu ma sun ɗaga waya. Na kwance farin ƙyallen aikin da ke ƙuguna, na ajiye shi a kan tebur.

"Akwai jirgin shida saura minti takwas," na ce. "Ni zan hau. Mai so na ya san hanyar tasha."

Na fita da silifas ɗin cikin gida, ba jaka, ba rigar sanyi, waya kawai a aljihu. Ina tafiya ina kasa kunne. Ku da kuka taɓa yin fushi irin wannan kun san yadda ake yi: ƙafa tana gaba, kunne yana baya. Na wuce gidan su Jochen. Na wuce famfon kasuwa. Na rage sauri, na ƙara ragewa, har wata baƙuwa mai sanda ta wuce ni.

Sai na ji taku. Na ce Malte ne, amma kafin in juya na gane. Taku ne mai jan ƙafar hagu, na san shi tun ina cikin zanen goyo. Babana ne, mutumin da likita ya hana gaggawa, yake ɗingisowa da gudu-gudu a tsakiyar titi, yana haki, rigar sanyina a hannunsa.

Ya miƙo mini. Ya daɗe yana mayar da numfashi, hannu a kan gwiwa.

"Da kin faɗa mini," ya ce.

"Da ka ji haushi, Baba."

"Da na ji." Ya goge goshi. "Da kuma ya wuce."

Na rushe da kuka a bakin famfo, gaban baƙi, jambaki da majina duk sun haɗu. Bai rungume ni ba, mu ba ma yin haka. Ya gyara mini wuyan rigar kawai, ya ja zif ɗin har sama kamar ina 'yar shekara biyar.

"Je ki aikinki. Gona matsalata ce. Amma ki tafi da yaron nan, don Allah. Na ba shi guduma a ɗakin ƙasa, ta wajen kai ya riƙe ta."

Na yi dariya cikin kuka. Na kama hannunsa muka juyo tare, a hankali saboda ƙafarsa, ina ta shirya abin da zan ce wa Malte: in ba shi haƙuri, in karɓi zoben, mu nemi wani ɗakin a Hamburg ko da rabin nasa na da ne. Har na fara jin tausayin hular.

Muna isowa ƙofar gida na ji falon ya sake ɗaukar hayaniya, ana dariya, ana buga tebur. Na leƙa ta taga.

Malte bai biyo ni ba, ko bakin ƙofa bai zo ba. Yana tsaye a tsakiyar falonmu da farin ƙyallena ɗaure a ƙugunsa, tulun Baba a hannu, yana cika wa matar fasto kofi har baki. Fuskarsa kuwa, Allah ya sani, shekara guda ina tare da mutumin nan ban taɓa ganin shi cikin farin ciki irin wannan ba.

Baba ya leƙa ta gefena, ya daɗe yana kallo.

"Hm," ya ce. "Bai zubar ba."